Tikitin kakar wasa a filin da ya zama kufai: tauraro biyu na ba shi

Tauraro biyu cikin biyar, kuma wallahi biyun ma don darajar yaran da ke buga ƙwallon ne da masu tsaron ƙofa, ba don shugabannin kulob ɗin ba. Maganar tikitin kakar wasa nake, wanda za ka biya kuɗi a dunƙule tun kafin a fara gasa a ba ka kujerarka ta duk wasannin gida har kaka ta ƙare. Ba zan kama sunan kulob ɗin ba don ba tonon silili na zo yi ba, kuma na san duk mai goyon bayan ƙaramar ƙungiya ko matsakaiciya ko a ina yake in ya karanta zai ce ai da tasu nake. Mutane sun dame ni da tambaya wai su saya ko kar su saya tunda ana ta raɗe-raɗin za a ɗauke ƙungiyar a kai ta wani gari saboda ba 'yan kallo, shi ne na ce bari in zauna in rubuta gaba ɗaya kowa ya huta.

Bari in fara da abun da ya yi daɗi don kar a ce ƙiyayya ce. Kujerar tana nan yadda suka ce, lambarta a jiki, kana ganin raga biyun ba sai ka miƙe ba, rumfa na kare ka in ana ruwa sai dai in iska ta karkato shi. Masu kula da ciyawar filin sun san aikinsu gaskiya, duk kakar nan ban ga inda ta caɓe ba. Sannan ƙwallo a ido daban yake da na talabijin, wannan ko maƙiyin zuwa fili ya sani. Kana ganin abun da kyamara ba ta bi, ɗan baya na hagu ya sheƙo da gudu yana ɗaga hannu a ba shi ƙwallo ba wanda ya kula shi ya juya yana ƙunƙuni, ɗan tsakiya yana waige-waige tun kafin ƙwallon ta iso ƙafarsa, mataimakin rafali yana ja da baya yana daidaita kansa da mai tsaron baya na ƙarshe. Har muryar gola kana ji yana yi wa 'yan bayansa tsawa, kana jin koci yana kiran suna ɗaya bayan ɗaya. Da farko abun ya burge ni, daga baya na gane ai don filin shiru ne shi ya sa nake jin su, a filin da ya cika ko wanda ke kusa da kai sai ka ɗaga murya yake jin ka.

To nan ne matsalar take. Filin ba kowa jama'a. Ɓangare guda sukutum na bayan raga sun rufe shi da wani ƙaton tamfol mai tallan kamfani, saman rumfar gabas ma sun sa sarƙa a matakala, mu 'yan tsirarun da muka rage sai aka tattaro mu aka jibge a ɓangaren da kyamara ke kallo don a talabijin a ga kamar da mutane. Akwai wani dattijo da ke zama kusa da ni, ya ce shekara da shekaru a kujera ɗaya yake ta can ɗaya ɓangaren, nan ya zauna da mahaifinsa nan ya kawo 'ya'yansa, rana ɗaya aka turo masa saƙo an canja masa wuri ba wanda ya tambaye shi. Na ce Baba ai nan ɗin ma ana gani sosai, ya ce ɗana ba gani ba ne matsalar. Ban ƙara magana ba. Wannan dabarar tamfol ɗin ma ba shugabannin kulob ɗinmu suka ƙirƙiro ta ba, ƙungiyar Jacksonville Jaguars ta ƙwallon Amurka, wato gasar NFL, ta rufe kujeru kusan 10,000 da tamfol a 2005 don filinta ya riƙa cika da wuri, saboda a lokacin akwai doka a gasar cewa in ba a sayar da tikiti duka ba awa 72 kafin wasa to ba za a haska wasan a talabijin a wannan garin ba. Sai a 2015 suka jingine dokar. Su aƙalla suna da dalili, namu kuwa kawai don kar a ga kunya ne.

Abun da ya fi ba ni dariya shi ne lokacin da mai lasifika zai sanar da adadin 'yan kallo wajen tsakiyar zagaye na biyu. Ya faɗi wata lamba mu kalli juna mu kwashe da dariya, don ko da masu sayar da ruwa da 'yan sanda da tantabarun kan rumfa ka haɗa ba za ta kai ba. Kuma wannan ba wani sirri ba ne, ƙungiyoyi da yawa adadin tikitin da suka sayar ko suka raba suke faɗa ba adadin waɗanda suka shigo ta ƙofa ba, mai tikitin kaka ko yana gida yana barci an ƙirga shi, tikitin kyauta da aka kai wa makarantu da kamfanoni ko an zuba su a shara an ƙirga su. Ku riƙe wannan don zan dawo kansa.

Yanzu me ya kori mutane? Su dai shugabannin kulob amsarsu ɗaya ce kullum, wai garin ba ya son ƙungiyar. Ni kuma da na biya kuɗina na ga yadda ake yi wa wanda ya biya, na ce a'a, kora da hali ce.

Babban abun shi ne canja lokacin wasa. Ka sayi tikiti da tunanin wasannin ƙarshen mako da rana, ka tsara aikinka da iyalinka a kan haka, sai ana saura 'yan kwanaki a turo saƙo an mai da wasan daren Litinin ko tsakiyar mako saboda masu haska wasa haka suke so. Mai aikin dare ya fita, mai yara 'yan makaranta ya fita, wanda ke zuwa daga nesa kuma motar haya ta ƙarshe tana tashi kafin a tashi wasa shi ma ya fita. Kuma ba a mayar maka da ko sisi, yana rubuce a sharuɗɗan cewa ranaku da lokuta na iya canjawa. A Jamus da aka kawo wasannin daren Litinin a Bundesliga magoya baya ba su tsaya gunaguni a waya ba, a Frankfurt a 2018 ƙwallayen tanis suka yi ta jefawa cikin fili har aka jinkirta fara zagaye na biyu, aka yi ta zanga-zanga fili bayan fili har hukumar gasar ta haƙura, daga kakar 2021 aka daina. Mu nan ko uzuri ba a ba mu, saƙo ne mai layi biyu da hoton tambarin kulob.

Sai ƙofa. Sun daina ba da kati, komai a manhaja yake yanzu, ba laifi zamani ne. Amma manhajar sai da sabis take buɗe tikitin, bakin filin kuma sabis ɗin sai a hankali, kuma don rage ma'aikata ƙofa biyu kawai suke buɗewa cikin duk ƙofofin nan, to sai ka ga abun mamaki, fili ba kowa amma layi har titi. Ka tsaya kana ɗaga waya sama kana neman sabis, na'urar ta ƙi karanta sikirin ɗinka don hasken rana, yarinyar da ke riƙe da na'urar tana ta ba ka haƙuri abun tausayi ba laifinta ba ne, kana tsaye sai ka ji ihu daga ciki an ci ƙwallo ba ka san ma wa ya ci ba. Tsofaffi da ba su iya manhaja ba su kam an gama da su, wasu sai sun zo da jika. Ma'aikatan ƙofar dai ina yaba musu, da fara'a suke aikin kuma su ne ke shan zagin da ba nasu ba.

A ciki rabin banɗakunan a kulle, rabin shagunan abun ci da sha a rufe, wanda ke buɗe kuma in ka shiga layinsa a hutun rabin lokaci to ka yafe minti goman farko na zagaye na biyu. Fakin ba ya cikin tikitin, daban ake biya. Ba zan tsaya a kan waɗannan ba, kowa ya san su.

Wanda ya ƙona min rai shi ne rangwame. Mu da muka biya tun kafin a buga wasa ɗaya, muka ba su kuɗi lokacin da suke buƙata don sayen 'yan wasa, sai ga shi tsakiyar kaka da suka ga fili ya ƙi cika suka fara bonanza, sayi ɗaya a ba ka ɗaya, yara kyauta, wasa uku a kuɗin ɗaya. Ban ƙi a sauƙaƙa wa mutane ba Allah ya sani, ina son filin ya cika fiye da kowa. Amma in ka zauna ka yi lissafi sai ka ga wanda ya yi zamansa yana jiran bonanza ya fi ka riba, kai mai biyayya kai ne ka biya mafi tsada, to wane mai hankali ne zai sake saye baɗi? Na rubuta musu imel a kan haka, amsar da ta dawo na'ura ce ta turo, wai sun gode da kasancewata cikin iyalin kulob.

Ana cikin haka sai ga wasiƙar mai kulob ga masu tikitin kaka. Doguwa ce amma abun da ke cikinta bai wuce uku ba: filin ya tsufa, 'yan kallo sun yi ƙaranci, kuma in hukumomin gari ba su taimaka da sabon fili ba to dole su duba makomar ƙungiyar. Bai ce za su tashi ba, bai kuma ce ba za su tashi ba. A cikin wasiƙar nan ne fa ya kawo adadin 'yan kallo na gaskiya, wanda ya shigo ta ƙofa, ɗan mitsitsi. Kun ga lamba biyu ke nan kulob ɗaya. Babbar ta masu talla ce da mai lasifika, ƙaramar kuma ta majalisar gari ce da mu, ana nuna mana ita ana cewa ku duba laifinku.

Shi ne na koma na karanta sharuɗɗan tikitin tun daga farko, irin ƙananan rubutun nan da ba mai karantawa. Tikitin yana ba ka damar shiga wasannin gida na ƙungiyar. Babu inda aka rubuta sunan filin a matsayin alkawari, babu inda aka ce in an mai da wasannin gida wani wuri za a dawo maka da kuɗinka. Gida shi ne duk inda suka ce gida ne. Wanda yake ganin wannan tsoro ne kawai irin na masu baƙin baki ya tambayi magoya bayan Coventry City a Ingila. Rigimar kuɗin hayar fili ce ta haɗa masu kulob ɗin da masu filin Ricoh Arena, kakar 2013 sai ƙungiyar ta kwashe ta koma buga wasannin gidanta a Northampton, tafiyar sama da kilomita 50. Yawancin magoya baya suka ƙi zuwa, 'yan kallo suka zube zuwa wajen mutum 2,000, wasu ma sai su yi tafiyar har can amma su ƙi shiga, su hau wani tudu da ke kallon filin su tsaya daga nan suna hange don kar kuɗinsu ya shiga aljihun masu kulob. A Satumbar 2014 da aka dawo Coventry, wasan farko da Gillingham sama da mutum 27,000 suka shiga, kuma ƙungiyar tana rukuni na uku ne fa a lokacin. Mutanen nan ba mutuwa suka yi suka dawo ba, suna nan duk tsawon lokacin. Kuma abun bai ƙare ba don daga 2019 zuwa 2021 an sake kai su Birmingham.

Labarin Wimbledon shi ya fi kama da abun da nake tsoro. Ƙungiyar da ta doke Liverpool 1-0 ta ɗauki kofin FA a 1988. A 1991 ta bar filinta na Plough Lane ta koma zaman haya a Selhurst Park, filin Crystal Palace, wai na ɗan lokaci ne. An raba ƙungiya da unguwarta, mutane suka ja baya, a Janairun 1993 wasansu da Everton mutum 3,039 ne suka kalla, har yau shi ne mafi ƙarancin 'yan kallo a tarihin Firimiya in ka cire lokacin korona. Daga nan sai ƙarancin 'yan kallon ya zama hujja, har an taɓa yunƙurin kai ta Dublin, wata ƙasar ma daban. A Mayun 2002 kwamitin mutum uku da hukumar FA ta kafa ya amince, biyu da ɗaya, a kai ta Milton Keynes mai nisan kusan kilomita 90. Ta koma a 2003, a 2004 aka canja mata suna zuwa MK Dons. Ku lura da yadda abun ya jeru, ba 'yan kallo ne suka fara gudu ba, ƙungiyar aka fara ɗaukewa daga ƙofar gidansu, da suka ragu kuma aka ce kun gani ba sa so. Magoya bayan da aka ce babu su su ne suka kafa AFC Wimbledon a 2002, suka faro daga can rukuni na tara, suka shigo gasar ƙwararru a 2011, a 2020 suka koma sabon fili a Plough Lane. Labari mai daɗi in ana ba da shi yanzu, amma shekara 18 ce ta rayuwar mutane, wasu dattawan ba su ga komawar ba.

A Amurka kuwa abun ya zama ruwan dare tunda can ƙungiya kamar lasisin kasuwanci ce, mai ita yana iya ɗauka in sauran masu ƙungiyoyi sun yarda. Kuma can ne za ka gane cewa kujerun da ba kowa sau da yawa ba su ne ainihin dalili ba. Cleveland Browns na cikin ƙungiyoyin da suka fi 'yan kallo a NFL, duk da haka mai ƙungiyar Art Modell ya sanar a 1995 zai tafi Baltimore don can an yi masa alkawarin sabon fili, ya kuma tafi. Chargers, su ma 'yan NFL, sun shekara sama da 50 a San Diego, da mutanen garin suka ƙi amincewa a ƙuri'ar 2016 a ƙara haraji don gina musu fili sai suka koma Los Angeles a 2017, suka ɓige da wasa a filin da bai fi cin mutum 27,000 ba, shi ɗin ma sau da yawa magoya bayan baƙi ne suka fi yawa a ciki. In da 'yan kallo ake nema ai ba haka za a yi ba. Stan Kroenke, mai Arsenal ɗin nan dai, shi ya ɗauke ƙungiyar Rams ta NFL daga St. Louis a 2016, garin ya kai ƙara, a 2021 aka sasanta a kan dala miliyan 790. Kuɗi sun shigo amma ƙungiya ba ta dawo ba. A Meziko ma a 2020, ana tsakiyar korona ba mai iya cika titi da zanga-zanga yadda ya kamata, aka ɗauke ƙungiyar ƙwallon ƙafa ta Monarcas daga garin Morelia bayan shekara 70 aka kai Mazatlan inda aka gina sabon fili. Kusan ko'ina ka duba za ka tarar da sabon fili da wani zai biya kuɗin gininsa a ƙarshen labarin.

Wanda ya ɗan ba ni ƙwarin gwiwa shi ne na Columbus Crew a gasar MLS, wato gasar ƙwallon ƙafa ta Amurka. A Oktoban 2017 mai ƙungiyar Anthony Precourt ya ce yana shirin kai ta Austin, hujjarsa irin ta mai kulob ɗinmu ce sak, 'yan kallo da tallafin kamfanoni da tsohon fili. Magoya baya suka tashi haiƙan, jihar Ohio da birnin suka kai ƙara da wata doka da aka yi a 1996 bayan tafiyar Browns, wadda ta ce ƙungiyar da ke amfani da filin da kuɗin jama'a ya shiga sai ta ba da sanarwar wata 6 ta kuma ba mutanen gari damar saye kafin ta tashi. Ƙarshenta iyalan Haslam da Edwards suka saye ta, ta zauna, ta ɗauki kofi a 2020, ta shiga sabon fili a tsakiyar gari a 2021, ta sake ɗaukar kofi a 2023. Garin da aka ce ba ya son ƙwallo ke nan. Shi kuma Precourt an ba shi sabuwar ƙungiya a Austin, kowa ya samu. Amma fa doka ce da lauyoyi da masu kuɗi suka cece su tare da ihun magoya baya, ba tikitin kaka kaɗai ba. Ingila ma sai a 2025 ta yi dokar da ta kafa hukuma mai zaman kanta da sai ta amince kafin kulob ya bar filinsa. A Jamus kuma tsarin 50+1 ne, mambobin kulob ke da rinjayen ƙuri'a, shi ya sa ba ka jin wani attajiri ya tashi da safe ya ce zai ɗauke Dortmund, filin da ke cika da sama da mutum 80,000 kusan kowane wasa.

Amma in za a yi adalci mu ma da namu. Manyan ƙungiyoyi kuɗin talabijin ke riƙe su, ƙananan irin tamu kuwa kuɗin ƙofa na cikin abun da ake biyan albashi da shi, kujerar da ba kowa asara ce ta gaske ba ƙarya mai kulob ya yi a nan ba. Kuma na san mutane da yawa da za su zagi shugabannin kulob daga safe har dare a Facebook amma ranar wasa suna kan kujera a gida suna kallon wata babbar ƙungiya ta wata ƙasa da ba za su taɓa ganin filinta da ido ba, jesinta ma suke sawa. Ba na ganin laifinsu sosai, talabijin ta fi sauƙi, akwai maimaici, ba layi ba sanyi ba rana. Shi ya sa ma nake cewa wanda ya baro wannan jin daɗin ya taho fili ya kamata a lallaɓa shi ne, ba a tsayar da shi a titi yana neman sabis ba. Sannan ƙungiyar ba ta cin wasa, wannan ma dalili ne babba, duk wani bonanza ba ya kai cin wasa uku a jere jawo mutane, su kuma duk ɗan wasan da ya fara haskawa sai su sayar da shi kafin yara su gama haddace sunansa.

To a saya ko kar a saya? Gaba kura baya sayaki. In ka ƙaurace ka ƙara musu hujja, kujerarka ce za a nuna wa majalisar gari a ce ga shi ba kowa. In ka saya kuma ka ba mutumin da ke shirin tafiya kuɗi a dunƙule ba tare da ya yi maka alkawarin komai ba. Ƙauracewa tana aiki ne in an yi ta tare kuma da suna, kamar yadda magoya bayan Liverpool wajen 10,000 suka miƙe suka fice a minti na 77 a wasansu da Sunderland a Fabrairun 2016 saboda tikitin fam 77, suna cin 2-0 aka tashi 2-2, cikin 'yan kwanaki masu kulob suka ba da haƙuri suka janye. Amma kowa ya zauna a gidansa shiru ɗaya bayan ɗaya, wannan ba wanda zai kira shi zanga-zanga, a takardar mai kulob rashin sha'awa za a rubuta.

Shawarata ga wanda yake kusa da fili, lokacinsa a hannunsa yake, kuma ya san ko ana ruwa ko ana rana zai je, ya saya, zai mori kujerarsa kuma ƙwallon na da daɗin kallo duk da komai. Mai aikin da ba ya ɗaga masa ƙafa, mai zuwa daga nesa, mai yara ƙanana, kar ya saya, ya riƙa sayen na wasa ɗaya-ɗaya, fili ne da ba ya cika ba za ka taɓa rasa wuri ba kuma ga bonanza na nan tafe. Kuɗin da ya rage maka ka shiga ƙungiyar magoya baya da shi in akwai ta, su ne ke iya zama da majalisar gari da lauya in ranar ta zo. Kafin ka biya ko nawa ne ka rubuta musu ka tambaya a rubuce, in an mai da wasannin gida wani fili ko wani gari za a dawo da kuɗi ko a'a, ka ajiye amsar in sun ba ka. Da za su sa wannan layi ɗayan a sharuɗɗan, su buɗe ƙofofi, su daina yi wa masu biya da wuri rowar rangwame, su mayar da Baba kujerarsa, gobe zan mai da shi tauraro huɗu.

Wani abu kuma da na kusa mantawa, duk wanda ya saya bara ta manhaja ya shiga saitin asusunsa ya duba, akwai wani ɗan akwati na sabuntawa kai tsaye da yake a kunne tun ranar da ka yi rajista, in ba ka kashe shi ba da kansu za su cire kuɗin kaka mai zuwa daga katin bankinka. Ba a shafin tikiti yake ba, sai ka shiga wajen biyan kuɗi ka gangara har ƙasa.